Babi na Biyar: Gobe Ma Akwai?

A watan Janairun 2021 masu tayar da ƙayar baya suka dasa bam a gindin turakun babban layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta faɗa cikin duhu. An gyara layin a watan Maris, gari ya yi murna, bayan 'yan kwanaki aka sake tarwatsa shi. Birnin da ke ɗauke da mutane fiye da miliyan ɗaya, wanda zafinsa kan haura digiri 40 da bazara, ya yi wata da watanni babu wuta, har azumin shekarar ya zo ya wuce. Mai walda ya koma kan janareta, mai niƙa ya ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama abin nema ruwa a jallo, masu rijiyar burtsatse suka ɗora tsadar mai a kan kowace jarka. A kowace majalisa, daga Gwange zuwa Bulumkutu, zancen ɗaya ne: ga rana Allah Ya hore mana, me zai hana a koma sola? Ba wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya fara wannan tunani, domin yaro da babba duk sun yi shi. Amma waɗanda suka mai da shi sana'a 'yan kaɗan ne: wanda ya san inda zai sayo farantai da batura a Kano ko Legas, ya ratso da su hanyar Damaturu kafin a rufe ta da yamma, ya iya lissafin abin da firji da fanka za su ja, ya yarda a biya shi kashi-kashi, kuma ya ɗauki waya ranar da batir ya ƙi riƙe caji a wata na uku.

Hujjar wannan babi ke nan. A harkar kasuwanci dabara ita ce mafi arha a cikin duk abin da ake buƙata, aiwatarwa ce ke da tsada, kuma ita ce ke raba wanda aka ji labarinsa sau ɗaya da wanda ya kafa abin da jama'a suka dogara da shi. Tun a 1911 masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Austriya, Joseph Schumpeter, ya bambanta mai ƙirƙiro abu da wanda ya shigar da abin cikin hada-hadar mutane, ya nuna cewa na biyun ne ke motsa tattalin arziki. 'Yan kasuwarmu ba su jira littafi ba kafin su san haka. Suna da tambayar da ke auna kowane sabon abu, tambayar da mai saye kan jefo bayan ya ji daɗin kaya: gobe ma akwai? Sabon abin da ba zai iya amsa wannan tambaya da “akwai” ba, a farashi ɗaya da inganci ɗaya, nuni ne aka yi, ba a fara kasuwanci ba tukuna. Maiduguri kuwa ita ce wurin da ya fi dacewa a nazarci wannan magana, saboda cikin shekaru goma sha biyar an zare mata, ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da ɗan kasuwa a wani gari ke ɗauka tamkar iska: babur a 2011, layin waya na tsawon watanni a 2013, hanyoyin da suka haɗa ta da Baga da Bama da Gamboru, wutar lantarki a 2021, babbar kasuwarta a 2023, sannan ambaliya ta zo a 2024. Inda aka kwashe duk waɗannan, ƙashin bayan aiki yakan fito fili a gan shi.

Kwalin banda

Mu fara da abin da ba wanda ke kiransa sabo. Ƙyafe kifi da hayaƙi dabara ce da ta girmi kakannin kowa, kuma duk inda ake su a Afirka ta Yamma an san ta. To me ya sa bandar Tafkin Chadi ce ta yi suna har Anaca da Inugu da Legas, tafiyar fiye da kilomita dubu? Amsar tana cikin kwali. Masunci ya kamo tarwaɗa a tsibiran tafkin, a lanƙwasa ta a jera kan waya, a kunna wuta marar harshe, a yi ta juyawa har ruwan jikinta ya tsane. In an gaggauta, cikinta zai ruɓe a hanya. In an bar ta ta wuce kima, za ta farfashe ta zama gari a ƙasan kwali. Daga nan a ware manya da ƙanana, a shirya su a kwali a ɗaure, a rubuta alamar mai kaya a jiki, jirgin ruwa ya fito da su Doron Baga, mota ta kwaso su kusan kilomita 200 zuwa kasuwar kifi ta Baga Road a Maiduguri. A can fatoma yana jira. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, ya karɓi la'adarsa. Ɗan kasuwar da ya zo daga kudu ba ya zazzage kowane kwali ya ga ƙasansa. Alamar da ke jiki da fuskar fatoman da ya tsaya sun ishe shi.

Duk wanda ya dubi wannan sarƙa da idon basira zai ga babu zobe ɗaya a cikinta da za a ce shi ne dabarar. Darajar tana cikin haɗuwarsu, da kuma cewa kowane zobe yana yin nasa aikin mako bayan mako ba tare da an tsaya a kansa ba. Shi ya sa da rikici ya ci Baga a Janairun 2015, sojoji kuma suka hana safarar kifi na tsawon shekaru, asarar ta wuce ta kifin da ya rage a ruwa: dubban mutanen da suka ƙware a zobe ɗaya-ɗaya ne suka zauna hannu rabbana, daga mai ɗaurin kwali har ɗan dako. Shi ya sa kuma duk lokacin da hanya ta ɗan buɗe, kwalaye kan sake ɓullowa a Baga Road cikin gaggawa, domin mutanen da suka san juna kuma suka yarda da juna suna nan. Wanda ya zo yau da sabon murhun banda mai cin itace kaɗan, ko na'urar busarwa mai aiki da rana, ya zo da alheri, tunda itace na ƙaranci, hayaƙi kuma yana cin idanun masu aikin. Sai dai ba zai ci kasuwa ba sai kifinsa ya yi launi da ƙamshin da mai miya a Anaca ta saba da su, sai maƙerin garin ya iya gyara murhun, sai kuma wani fatoma ya yarda ya sa sunansa a kai.

Labarin Keke Napep ma haka yake. Gwamnatin Obasanjo ce ta yaɗa babur mai ƙafa uku a farkon shekarun 2000 a ƙarƙashin shirin rage talauci, wanda daga sunansa keken ya samo nasa. Kusan shekara goma yana nan, amma acaɓa ne sarkin titi a Maiduguri. A watan Yulin 2011 gwamnatin jiha ta haramta hawa babur a birnin saboda yadda ake kai hare-hare da shi, aka wayi gari dubban matasa babu abin yi, jama'a kuma suna takawa a ƙasa. Kowa ya san keke ne mafita. Abin da ya mai da shi jinin jikin garin shi ne tsarin da ya taso a kewayensa: mai kuɗi ya saya ya ba direba, a yanka balas ɗin da zai kawo kullum ko kuɗin da zai riƙa biya har keken ya zama nasa, a nemo dattijon da zai tsaya masa, bakaniken babur ya koyi sabon inji, mai shago ya cika kanta da taya da fulogi da kayan gyara, ƙungiya ta raba tashoshi da lambobi. Injin daga Indiya ya zo. Abin da ya sa yake tashi kowace asuba a Maiduguri, a Maiduguri aka ƙera shi.

Motar da ba ta shan mai

Wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora a kan abin da ya fi jawo wa Maiduguri ido a fagen fasaha a 'yan shekarun nan. Mustapha Gajibo, matashin da ya bar karatu a Jami'ar Maiduguri kafin ya kammala, ya kafa kamfanin Phoenix Renewables, ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu batir da injin lantarki, suna ɗaukar fasinja a titunan garin, caji ɗaya ya kai su kilomita 100 ko fiye. Daga baya ya ƙera bas mai kujera 12 tun daga tushe. Kafafen labarai na duniya sun zo sun ɗauki hotonsa, da yawa suka ba da labarin kamar na wanda ya ƙirƙiro motar lantarki a bakin hamada. Amma motar lantarki tsohuwa ce. Wajen shekarar 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke yawo a Amurka da batir suke tafiya. Abin yabo a aikin Gajibo yana cikin zaɓe-zaɓen da ya yi. Ya fara da motar da direba da fasinja da mai gyaran bodi suka riga suka sani, don kada ya koya wa gari abu biyu a lokaci ɗaya. Ya nufi motar haya, wadda ke bin hanya ɗaya ta dawo masauki ɗaya, kuma kowace naira da aka rage a kuɗin mai ana ganinta a aljihu da yamma. Ya kuma gina wurin caji mai aiki da hasken rana, domin motar lantarki a garin da aka datse wa wuta, in babu wannan, akwatin ƙarfe ce.

A kwatanta da kamfanin Better Place, wanda Shai Agassi ya kafa a 2007 da shawara mai ƙayatarwa: maimakon direba ya tsaya jiran caji, sai ya shiga tasha a zare masa batir a sa cikakke cikin 'yan mintuna. Masu zuba jari sun ba shi fiye da dala miliyan 800, ya gina tashoshi a Isra'ila da Denmark, amma irin mota ɗaya tak ce ke iya shiga tsarin, kuma motocin da aka sayar ba su kai dubu biyu ba lokacin da kamfanin ya durƙushe a 2013. Dabarar ba ta mutu ba. A yau kamfanonin baburan lantarki a Kigali da Nairobi suna musanya wa 'yan acaɓa batir. Kamfanin Better Place ne ya gina rumbu tun kafin ya san yawan hatsin da zai girbe. Wannan ba yana nufin an gama yi wa motar Maiduguri hisabi ba. Batir daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, kuma zafi irin na Borno yana rage masa kwana. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara wa hujjar motar lantarki ƙarfi, faɗuwar naira kuma ta ƙara wa batir tsada. Hukuncin gaskiya zai zo ne ranar da baturan farko suka gaji: shin an ware kuɗin maye gurbinsu daga cinikin kullum? Akwai yara nawa a garin da za su buɗe injin su gyara ba tare da an nemo mai kamfanin ba? Amsar waɗannan ce za ta nuna ko motar za ta bi sahun keke.

Abin da masu ja za su ce

Mai ja na farko zai ce an rage wa tunani daraja, alhali in babu dabara me za a aiwatar? Gaskiya ne, ba a gini sai da abin da aka ƙudura a zuci. Amma a duba yadda dabarun da suka yi tasiri suka samu siffarsu ta ƙarshe. M-Pesa ta Kenya, wadda ake buga misali da ita a duk duniya wajen aika kuɗi ta waya, an fara gwada ta ne a 2005 a matsayin hanyar biyan bashin wata ƙaramar cibiyar lamuni. Masu gwajin suka lura mutane suna amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi, suka bi sawun jama'a, suka ƙaddamar da ita a 2007 a kan wannan manufa, suka kuma zuba ƙarfinsu wajen kafa wakilai a kowane lungu. Dabarar da ta yi nasara a cikin aiki aka tsince ta. Nan kusa, Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwan na tashi, kayan miya na yin sanyi. Kowace uwa mai randa ta san sirrin. Abin da ya ƙara shi ne ya sa magina suka gina dubbai da kuɗin aljihunsa, ya raba a ƙauyuka, ya shirya wasan kwaikwayo don nuna wa waɗanda ba su karatu amfaninta. Saboda haka tunani da aiki ba sa rabuwa gida biyu, a gama ɗaya sannan a shiga ɗaya. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai saye ba, rabin dabara gare shi.

Mai ja na biyu ya fi zafi, kuma yana da haƙƙi a saurare shi. Zai ce: kana gaya wa saurayin da aka kora daga Bama ko Gwoza ya iya aiwatarwa, da wane jari? Banki ba ya ba shi rance, hanya ba tsaro, wuta sai da gwamnatin tarayya ta kafa tashar gas mai megawat 50 a 2023 kafin garin ya samu madogara ta biyu. Ashe ba ɗora wa talaka laifin abin da ya fi ƙarfinsa ake yi ba? Amsa ita ce babu mai hankalin da zai ce himma tana maye gurbin tsaro ko titi. Kafa turakun wuta da tsare hanya su ma aiwatarwa ce, ta hukuma, kuma in ta gaza kowa sai ya biya. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, a cikin wahala iri ɗaya sakamako yakan bambanta. Mutanen Bama da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri bayan garinsu ya faɗi a 2014 sun zo da allura da zare, suka ci gaba da ɗinkin hular da ta yi suna da sunan garinsu. A cikinsu wanda ke cika alkawarin ranar da ya ɗiba, ɗinkinsa na yau bai saɓa da na jiya ba, shi dillalai ke ba zare da kuɗin kafin alƙalami. Na biyu, a wurin da takardar banki ba ta isa ba, jari yana bin shaida ne. Attajirin kasuwa ba ya ba yaro kaya saboda daɗin bakinsa. Yakan ba shi kaɗan, ya ga yadda ya dawo da lissafi, sannan ya ƙara. Ga wanda ba shi da gida ko fili da zai jinginar, cika alkawari shi ne jinginarsa.

Mai ja na uku zai nuna gabas, wajen New Marte. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Maiduguri, aka tsara shirin noman rani na Kudancin Chadi wanda zai shayar da hekta 67,000 don alkama da shinkafa. An haƙa manyan magudanai, an girka injinan tura ruwa da tashar wutarsu, an buɗe kashin farko a 1979. Ba za a ce ba a yi aiki ba. Amma tafkin da ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 yana ta ja da baya tun farin shekarun 1970, da farin 1983 da 1984 ya zo kuwa sai bakin ruwa ya yi wa magudanar nisa, shirin bai taɓa kusantar abin da aka zana masa ba. To ina amfanin aiwatarwa, in ji mai ja, tunda ga ta an yi kuma ba ta hana asara ba? Wannan misali yana da nauyi, amma abin da yake koyarwa shi ne bambancin cika umarnin takarda da aiwatarwa ta gaskiya. A daidai shekarun da magudanai ke bushewa, manoma da masunta sun bi ruwan da ke janyewa, suka shuka masara da wake a danshin da tafkin ya bari, suka ɗora amfanin a motoci zuwa Maiduguri da gaba. Manoman firgi kuma sun ci gaba da dashen masakwa bayan damina kamar yadda suka gada. Su suna duban ruwa kowace shekara su gyara shiri. Shirin gwamnati an ɗaure shi da siminti a kan zaton cewa tafki zai tsaya inda aka auna shi. Aiki da ido rufe ba ya cikin abin da wannan babi ke yabo. Mai aiwatarwa na ƙwarai yana farawa da abin da zai iya jure asararsa, ya bar wa kansa ƙofar juyawa.

Mai ja na huɗu zai ce wannan wa'azi ne na kwaikwayo: in dabara ba komai ba ce, sai kowa ya jira maƙwabcinsa ya buɗe shago ya buɗe irinsa, kamar yadda laimar masu POS ta cika kowace kwana har riba ta zama ƙanƙanuwa. Lalle cunkoso a kan sana'a ɗaya ciwo ne a kasuwanninmu. Amma labarin POS ɗin kansa yana goyon bayan hujjarmu. Na'urar ta daɗe a hannun bankuna, Babban Banki kuma ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki tun 2013. Kamfanoni irin su Moniepoint da OPay ba su ƙirƙiro ta ba. Sun mai da hankali ne kan abubuwan da ke ɓata wa mai shago rai: kuɗi ya shiga nan take, in an cire wa mutum kuɗi ciniki bai faɗa ba a mayar masa da wuri, in na'ura ta lalace a samu wakili a unguwa. Da ƙarancin takardun naira ya auku a farkon 2023, waɗanda suka riga suka yi wannan shiri su jama'a suka runguma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka abin yake a sana'ar turaren wuta da humra, wadda matan Barebari da Shuwa suka yi fice a kanta. Tallata kaya a WhatsApp da Instagram kowa ya iya. Wadda ke riƙe masu saye a Abuja da Kaduna ita ce wadda gabgab ɗinta na wannan wata ya yi ƙamshin na watan jiya, kwalbarta ba ta yoyo, ta san direban da za ta ba saƙo a tasha, in kwalba ta fashe a hanya ta aika wata ba tare da jayayya ba. Ana iya kwaikwayon hoto da suna cikin dare ɗaya. Waɗannan halaye sai an shekara ana gina su, shi ya sa su ne katangar da ke kare ɗan kasuwa daga masu kwaikwayo.

Abin da wuta da ruwa suka bari

A daren 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye mafi yawan Kasuwar Monday, babbar kasuwar garin. An sake gina ta, 'yan kasuwa suka koma, sai ga madatsar Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye kasuwar da unguwanni masu yawa, irin abin da garin bai gani ba tun 1994. Sau biyu cikin wata goma sha tara mutum ya tsaya yana kallon jarinsa ya zama toka ko laka. Babu dabarar da ta tsira da kaya a waɗannan ranaku, kuma da yawa ba su farfaɗo ba har yau. Wannan abin baƙin ciki ne da bai kamata a lulluɓe shi da kalaman ƙarfafa gwiwa ba. Amma ga wanda ya samu ya miƙe, ban da tallafin hukuma da na dangi, abin da ya fi ɗaga shi shi ne abin da wuta ba ta ci, ruwa bai tafi da shi ba: maigidansa na Kantin Kwari ko Singa a Kano da zai iya turo kaya bashi saboda shekara goma bai taɓa saɓa masa ba, da masu sayen da za su neme shi ko a ƙarƙashin tamfol yake.

Saboda haka masu shirya gasar fasaha, da ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri da horon sana'a, da jami'o'i, da iyaye, ya kamata su sauya abin da suke tafa wa. Ana ba da kyauta ranar da aka nuna samfuri, alhali ranar ce mafi sauƙi a rayuwar kowace sana'a. A riƙa komawa bayan shekara a ga wanda har yanzu yake buɗewa da safe, a duba littafin lissafinsa, a ƙirga yaran da ya koya wa gyara. A koya wa matashi fitar da kuɗin kaya da na gyara kafin ya kira saura riba, da rubuta bashi, da amsa waya ranar da mai saye ya fusata. Shi kuma mai sabuwar dabara, kada ya ɓoye ta don tsoron sata. Ya fita da ita ƙarama, ya sayar wa mutum goma, ya saurari ƙorafinsu, ya gyara. In na goma sha ɗaya ya zo ya tambaye shi ko gobe ma akwai, ya tabbata ya riga ya san inda kayan goben za su fito, da wanda zai gyara in sun lalace, kafin ya buɗe baki ya amsa.